Aron Kayan Tarihi Tsakanin Ƙasashe: Tambayoyi da Amsoshi Daga Maraɗi

Duk ran da rediyo ta ce wani gidan tarihi na Turai ya ara wa wata ƙasar Afirka kayan kakanninta, sai maganar ta tashi a nan Maraɗi, a zauren fada, a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a majalisar malaman makaranta. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, shi ya sa muka tattara su wuri guda. Ra'ayinmu ba ɓoyayye ba ne: muna goyon bayan aro, muna son Nijar ta riƙa bayarwa tana kuma karɓa, amma da rajista a hannu da yarjejeniya a rubuce, kuma ba tare da an yi watsi da maganar mayar da abin da aka ƙwace ba.

Mene ne aro tsakanin gidajen tarihi?

Shi ne gida ɗaya ya ba wani gida wani abu daga kayan da yake ajiye da su, na lokacin da aka ƙayyade, don a nuna wa jama'a ko a yi bincike a kansa, sannan a dawo da shi. Mallaka tana nan wurin mai ita. Akwai gajeren aro saboda nuni guda, yawanci wata 3 zuwa 6. Akwai dogon aro na shekara 3, 5, 10 ko fiye, wanda akan sabunta. Akwai kuma aron bincike, inda abin ba ya zuwa gaban masu kallo, sai dai hannun masana.

A 1976, a babban taronta na Nairobi, UNESCO ta fitar da shawara ta musamman tana kiran ƙasashe su sauƙaƙa musaya da aron kayan al'adu tsakanin hukumominsu. Dalilin a bayyane yake. Manyan gidaje suna da dubban kaya a kulle cikin ɗakunan ajiya, ba mai ganinsu, alhali wasu gidajen ba su da ko ɗaya irinsu.

Wace riba ƙasar da ta ba da aro take samu?

Wani lokaci tsabar kuɗi ce. A 1972 Masar ta ara wa gidan tarihin Birtaniya da ke Landan kaya 50 daga kabarin Fir'auna Tutankamun. Mutum sama da miliyan 1.6 suka shiga kallo, ribar kuma ta tafi ga aikin ceto gine-ginen tsibirin Filaye da ruwan madatsar Aswan ke neman cinyewa. Amma kada wani ya sa rai sirdi da lifidinmu su tara irin wannan taro.

Ribar da ta fi dacewa da mu daban take. Kafin abu ya yi tafiya sai an duba lafiyarsa, an gyara inda ya tsage, an ɗauke shi hoto mai kyau, an rubuta tarihinsa cikin littafin nunin, kuma duk daga aljihun mai aro. Ma'aikacin da ya raka kayan yakan dawo da sanin aikin da bai tafi da shi ba. Abin da ya shiga littafi kuwa, duniya ta san mai shi, ɓarawo ba zai iya kai shi kasuwa a fili ba. Sannan gidan da ya taɓa karɓa daga hannunka, da wuya ya rufe maka ƙofa ran da ka zo nema.

Nijar ta taɓa ba da aron kayanta kuwa?

Ta taɓa, ba sau ɗaya ba. A 1975 aka gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura, yankin Tera, cike da tukwane da mutum-mutumin yumɓu. A 1983 masanin tono Bube Gado na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai, ya jagoranci tono wurin. Kayan Bura suna cikin babban nunin kwaruruwan kogin Kwara da aka buɗe a Faris a 1993, wanda daga baya ya zaga biranen Afirka ta Yamma, har da Bamako, Wagadugu, Legas da Yamai. Wannan nuni ya cancanci a tuna da shi, domin bai tsaya a Turai ba, masu kayan ma sun gan shi a gida.

A Janairun 2020 gidan Metropolitan na Niyok ya buɗe nuni kan fasaha da daulolin Sahel, da kayan aro daga Nijar, Mali, Senegal da Muritaniya. Cikin abin da ya fi jan ido akwai mahayin dokin Bura, na yumɓu, hannunsa cike da mundaye, wanda IRSH ta bayar. Annobar korona ta rufe gidan a watan Maris, nunin bai ƙare ba sai can cikin Oktoba, watanni bayan ranar da aka tsara. Shi ya sa kowace yarjejeniya take bukatar sashen da ya faɗi abin da za a yi in lokaci ya ƙure kaya ba su samu hanyar dawowa ba.

Ta fannin bincike kuma, ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, waɗanda aka tono a Gadufawa da wasu wurare na jihar Agadas, an kai da yawansu jami'ar Shikago wurin masanin irin waɗannan ƙasusuwa Paul Sereno don a tsabtace su a yi nazari, bisa cewa mallakar Nijar ne.

Ba nuna kayan a waje ne ke jawo mana ɓarayi ba?

Akwai gaskiya a wannan tsoro, kuma Bura ce shaida. Bayan nunin 1993 masu tara kayan tarihi a Turai sun ga kyawun yumɓun Bura, farashinsa ya tashi, dillalai suka shiga ƙauyuka suna biyan mutane su haƙa. An farfasa wurare masu yawa kafin masana su kai gare su. Tukunyar da aka fisge daga ƙasa ba tare da an rubuta zurfinta da abin da ke kewaye da ita ba, rabin labarinta ya tafi har abada. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na kayan Afirka da bai kamata kowa ya saya ba, tare da yumɓun Nok da na yankin Katsina da Sakkwato.

Amma a lura da abin da aka sace. Ba a taɓa kayan da aka ara ba, waɗanda ke da lamba da hoto. Abin da ke cikin ƙasa ba mai gadi, shi aka kwashe. Don haka maganin ba ɓoye kaya ba ne. Kafin a fitar da wani nau'in kaya duniya ta gani, a fara zama da masu gari, jandarma da duwan na yankin da ya fito, a kuma nemi mai aro ya sa wani abu cikin kuɗin gadin wurin.

Yaya za a ƙwace mana abu, sannan a ce za a ara mana shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi zafi, kuma mai yinta bai yi laifi ba. Yankinmu ya san abin da ayarin sojan Voulet da Chanoine ya aikata a 1899, tun daga Birnin Ƙonni har zuwa wajen Tasawa, ba sai an koya mana yadda kaya ke barin hannun masu su da bakin bindiga ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Girka ta daɗe tana ƙin karɓar sassaƙaƙƙun duwatsun tsohon gininta na Fatenon daga Landan da sunan aro, Habasha ma ta ƙi tayin dogon aro da aka yi mata a 2018 na kayan da sojan Ingila suka kwashe daga garinta na Magdala, domin a ganinsu karɓar aro amincewa ce cewa mai riƙe da kayan shi ne mai su.

Wasu sun bi wata hanya. A 2024 gidan Victoria da Albert da gidan tarihin Birtaniya sun ara wa gidan tarihin Manhiya, fadar sarkin Asante da ke Kumasi a Gana, kayan zinariya da azurfa 32, da yawansu an kwashe su ne lokacin da sojan Ingila suka ci birnin a 1874. Aron na shekara 3 ne, ana iya ƙara 3. Asantawa da dama sun ji ciwon kalmar, amma jikokin masu kayan sun gan su da idonsu bayan shekara 150. Takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal ya je Dakar da farko a matsayin aro, aka yi bikin miƙa shi a Nuwamban 2019, sannan a Disamban 2020 majalisar Faransa ta yi dokar da ta mayar da mallakarsa ga Senegal. A nan aro ya zama matakin farko na mayarwa. Koriya ta Kudu kuma ta karɓi kundayen fada 297 da sojan ruwan Faransa suka kwashe a 1866. Sun koma a 2011 bisa aron shekara 5 da ake sabuntawa, kuma suna can.

Tsarin da muka fi so shi ne wanda Jamus ta bi a 2022: ta fara mayar wa Najeriya mallakar kayan tagullar masarautar Benin sama da 1,100, sannan Najeriya ta bar wasu a gidajen Jamus a matsayin aro daga gare ta. A Balin, babban birnin Jamus, wajen kashi ɗaya cikin uku na kayan suka zauna, na shekara 10. Mai abu ne ya ara, ba mai riƙo ba. Inda hakan bai samu ba tukuna, ana iya karɓar aro da sharaɗi ɗaya wanda ba a sassautawa: a rubuta ƙarara cewa karɓar ba amincewa da mallakar kowa ba ce, kuma ba ta kashe da'awar mayarwa. In mai bayarwa ya ƙi wannan jimla, a bar masa kayansa a ci gaba da nema.

To me ya hana su mayarwa kai tsaye?

Sau da yawa dokokinsu na cikin gida ne, ko da yake doka aikin mutum ce, majalisa na iya canja ta. Dokar 1963 ta hana gidan tarihin Birtaniya rabuwa da kayansa sai a wasu ƴan lokuta. A Faransa kayan gidajen gwamnati dukiyar ƙasa ce da ba a bayarwa, shi ya sa sai da aka yi doka ta musamman kafin kayan fadar Abome 26 su koma Jamhuriyar Benin a Nuwamban 2021. Gidajen jami'o'i da masu zaman kansu sun fi sakewa: a shekarar da Landan ta ba Kumasi aro, gidan Fowler na jami'ar Kalifoniya ya mayar mata da kaya 7 kyauta, ba sharaɗi. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi, wadda Nijar ta shiga tun 1972, ba ta komawa baya ta hukunta abin da aka kwashe zamanin mulkin mallaka.

Fada ko gidan da ya gaji kaya zai iya shiga harkar aro?

Iyayenmu na fada, Allah ya ja zamaninsu, su suka fi yin wannan tambaya. Zai yiwu. Aron Kumasi da muka ambata a sama, da fadar sarkin Asante, Asantehene Otumfuo Osei Tutu na 2, aka ƙulla shi, ba da gwamnatin Gana ba. Abin da ya sa ya yiwu shi ne fadar tana da gidan tarihi mai ma'aikata, da gadi, da rajista. Fadar Katsinan Maraɗi da ta Gobir a Tibiri suna da tarihin da zai sa a saurare su ko'ina, in an tanadi irin wannan shiri.

Sai dai fitar da kaya waje ba ta hannun fada ko iyali kaɗai take ba. Dokar 30 ga Yunin 1997 kan kare kayan gadon al'adun ƙasa ta sa sai da izinin hukuma ake fitar da su, haka ma tono. Hanya mafi aminci ga iyali ita ce su bi ta wani gidan gwamnati, kamar gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ko IRSH in kundin rubutu ne. Gidan shi zai sa hannu da baƙi, iyalin kuma su riƙe takardarsu da ke cewa abin nasu ne. Kuma a tabbata duk magada sun yarda, maza da mata. Takobin kaka ba na wanda yake ajiye a ɗakinsa ba ne shi kaɗai.

Da me ya kamata a fara?

Da rajista, kafin a yi maganar jirgi ko akwati. Kowane abu ya samu lamba, hoto ta kowane gefe da ma'auni a kusa da shi, da bayani: mene ne, da me aka yi shi, tsawonsa da faɗinsa, rubutu ko alamar da ke jikinsa, inda ya karye ko aka yi masa gyara, wa ya yi shi, a wane zamani. Wannan shi ne tsarin Object ID da aka fito da shi a 1997, wanda ƴan sandan duniya na Interpol da jami'an duwan suke aiki da shi. Wayar hannu mai kyamara da littafi mai bango sun isa a fara. A ajiye kwafi a wuri biyu dabam.

Mu ƙara abin da tsarin bai nema ba amma ya fi komai saurin ɓacewa: bakin dattawa. Wa ya hau wannan sirdi, a wane yaƙi aka sa wannan sulke, wane maƙeri ya ƙera linzamin, wace mata ta saƙa zanen. Alkyabbar da aka san mai ita da ranar da aka naɗa shi, darajarta a wurin masana ta ninka ta wadda aka rubuta mata "Hausa, ƙarni na 19" kawai, kamar yadda ake gani a jikin kayanmu da yawa a Turai. Ɗaliban tarihi na jami'armu za su iya wannan aiki cikin hutu.

Me ake rubutawa cikin yarjejeniyar aro?

Sunan mai abu da na mai aro, jerin kayan da lambobinsu na rajista, ranar fita da ranar dawowa, wurin da za a nuna su, da ƙimar kuɗin kowane ɗaya. Sai wa zai biya me, irin zafi da haske da laimar da aka yarda da su, da cewa ba mai wanke abu, gyara shi ko yankar ɗan guntu don gwaji sai da izini a rubuce. A faɗi yadda za a rubuta sunan mai shi a jikin allon nuni, da wanda ke da haƙƙin hotunan. A hana mai aro ya ara wa wani na uku. A bar wa mai abu ikon janye kayansa in an karya sharaɗi, a kuma faɗi kotun ko masu sulhun da za a je wurinsu in an saɓa.

Abin da mutanenmu suke mantawa su nema, alhali ana bayarwa in an tambaya: kwafin littafin nunin masu yawa, hotuna masu inganci, horon ma'aikata, akwatunan gilashin da aka yi amfani da su, da fassarar bayanan zuwa Hausa. Mafi girma duka, a nemi nunin ya biyo ta Nijar, kamar yadda na 1993 ya yi.

Wa ke biyan kuɗin, kuma in abu ya lalace fa?

Al'adar aikin ita ce mai aro ke ɗaukar komai: akwati, jirgi, masauki da guzurin ɗan rakiya, da inshora tun daga lokacin da aka ɗaga abin daga mazauninsa har ya koma. Inshorar kayan tarihi tana da tsada ƙwarai, har tana hana ƙananan gidaje yin nuni. Don haka wasu gwamnatoci suke tsaya wa gidajensu, su yi alkawarin biya daga baitulmali in wani abu ya faru. Amurka ta yi dokar haka a 1975, Ingila a 1980. In muna son kaya su riƙa zuwa mana, wannan yana cikin abin da ya kamata gwamnatocin yankinmu su duba.

Kuɗin inshora ba ya dawo da tambarin da ya fashe. Amfaninsa shi ne ya biya gyara, ya kuma sa kowa ya yi hattara. Kada mai abu ya yarda da sharaɗin da ke cewa in an biya shi cikakkiyar ƙima, ragowar abin ya zama na kamfanin inshora.

Yaya kayan suke tafiya?

Wanda ya taɓa ara wa maƙwabci doki ranar hawan Sallah ya san cewa tare ake duba ƙafafunsa kafin ya fita, tare kuma ake dubawa in ya dawo. Haka ake yi a nan. Ana rubuta takardar lafiyar abu da hotuna, kowane tsagu da kowane tabo, ɓangarorin biyu su sa hannu, kuma ana maimaita wannan sau 4: kafin a ɗaure, bayan an kwance a can, kafin a sake ɗaurewa, da bayan an dawo gida. Ana ƙera wa kowane abu akwatinsa da soso daidai jikinsa. Ma'aikaci daga gidan mai abu yana rakiya, yana tsaye ana lodi, yana tsaye ana saukewa. In an isa, akan bar akwatin a rufe na awa 24 don abin ya saba da iskar wurin.

Daga Maraɗi akwai doguwar hanyar mota ta sama da kilomita 600 kafin filin jirgin Yamai, kuma girgizar hanya ta fi jirgi haɗari ga yumɓu da ƙwarya. Ana bukatar izinin ma'aikatar al'adu da takardar fita ta wucin gadi daga duwan. In kayan na da hauren giwa, fatar damisa, fatar kada ko gashin jimina, kamar takalman sarauta da mafitai, sai an haɗa da izini na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa, in ba haka ba za a riƙe su a iyaka ko da sun shekara 200.

Da zafinmu da ƙurarmu, wa zai yarda ya ara mana?

An daɗe ana fakewa da wannan don a hana Afirka aro. Gaskiya ne a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, da hunturu iska ta bushe har fata ta tsattsage, a Agusta kuma laima ta sa kaya su yi fumfuna, ga gara. Amma ƙa'idar ta sassauta. Shugabannin manyan gidajen tarihi na duniya sun amince cewa yawancin kaya suna zama lafiya tsakanin digiri 16 da 25, da laima kashi 40 zuwa 60 cikin 100, in dai ba ta hawa da sauka farat ɗaya. Sauyin gaggawa shi ke kashe kaya. Na'urar sanyaya ɗaki da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta ta fi soro mai kaurin bango ɓarna.

Ba sai an sanyaya gini duka ba. Akwatin gilashi mai rufuwa ruf, da ƙwayoyin silika masu daidaita laima a ciki, cikin ɗaki mai kaurin bango, da wutar rana a matsayin madogara, yana biyan bukatar kaya da yawa. Tufafi da takardu ba sa son haske fiye da luks 50 (ma'aunin ƙarfin haske), kuma ba a barinsu a buɗe fiye da ƴan watanni. Duk ɗakin da ake son ya karɓi aro a Maraɗi, a sa masa ƴar na'ura mai rubuta zafi da laima ta yi shekara guda cur. Mai bayarwa zai nemi wannan lissafi tare da bayanin gadi da kayan kashe gobara. A kuma fara neman abin da ya jure, kamar ƙarfe, tagulla da dutse. Makarantar kayan gadon Afirka da ke Porto-Novo, wadda aka kafa a 1998, tana horar da ma'aikata kan irin wannan aiki a yanayi irin namu.

In kaya sun je can, kotu ko siyasa ta riƙe su fa?

Ya taɓa faruwa. A 1998 hukumomin Niyok sun riƙe wani hoton fenti na mai zane Egon Schiele da aka aro daga Biyana, saboda magadan wata Bayahudiya sun ce an ƙwace shi zamanin Nazi. Sai a 2010 aka sasanta kan dala miliyan 19. A 2014 gidajen tarihi 4 na Kirimiya, yankin ƙasar Yukiren, sun ara wa wani gida a Amsadam kayan zinariya, ana cikin nuni Rasha ta karɓe yankin, aka rasa wa za a mayar wa. Shari'a ta ci shekara 9, kayan suka tafi Kiyef, babban birnin Yukiren, a ƙarshen 2023.

Saboda irin haka ƙasashe da dama suka yi dokar da ke hana kama kayan aro muddin suna cikin ƙasarsu: Amurka a 1965, Faransa a 1994, Ingila a 2007. Kariyar ba ta zuwa da kanta a ko'ina, sau da yawa sai an nema kafin kaya su shiga. Kada abu ya bar Nijar sai takardar tana hannu. Mu ma za a nemi irinta daga gare mu, kuma a nan ne maganar ke haɗuwa da ta kayan da aka ƙwace: wanda ya sa hannu zai mayar, to ya mayar, ya bi da'awarsa ta hanyar da ya tanada a rubuce. Ƙasar da ta riƙe kayan aro sau ɗaya ta rufe ƙofa ga maƙwabtanta duka.

Akwai abin da bai kamata a ba da aronsa ba?

Akwai. Abin da ya yi rauni har tafiya za ta ƙarasa shi. Abin da ba a gama shigar da shi rajista ba. Ƙasusuwan mutane, sai da dalili mai ƙarfi na bincike da ranar dawowa. Kayan sarautar da ake aiki da su, irin tamburan da ake bugawa ran naɗi, domin ba kayan kallo ba ne, aikinsu bai ƙare ba. Haka kayan da masu su suka ce ba kowane ido ke ganinsu ba. In na hannun Iya ne a Maraɗi ko Inna a Tibiri, wato manyan mata masu sarauta a fada, su ke da ta cewa, ba ma'aikacin ofis ba. Alƙur'ani rubutun hannu ana iya ara shi, an sha yi, amma a rubuta yadda za a taɓa shi da inda za a ajiye shi, da shawarar malamai.

Hoto a intanet bai isa ba, sai an wahalar da kaya?

Hoto yana da amfani babba, musamman ga kundaye, kuma shi ke nuna mana abin da ke cikin ɗakunan ajiyar waje har mu san abin da za mu nema. Amma baduku ba ya gane ɗinkin tsohon sirdi a fuskar waya, sai ya gan shi kusa, ya ga kaurin fatar da yadda aka bi da zare. Gani ya kori ji, kuma yaron da ya tsaya gaban sulke na gaske ba ya mantawa.

Dole sai da Turai ko Amurka ake wannan harka?

Ko kaɗan, kuma a ganinmu kuskure ne a fara da nesa. Tarihin Maraɗi rabinsa yana Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar ƴan awoyi. Sarakunan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi daga can suka fito, na Tibiri kuma daga Alƙalawa. Nuni guda da zai haɗa kayan doki, tufafi da kundaye daga ɓangarorin biyu na iyaka, ya zauna wata 3 a nan, wata 3 a can, aro ne tsakanin ƙasa da ƙasa cikakke, da takardun duwan da inshora da komai, amma cikin yanayi ɗaya da harshe ɗaya, da kuɗi kaɗan. Akwai Gidan Makama a Kano, Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga hukumar gidajen tarihi ta Najeriya da ke ba da izini a ɓangarensu. Ta yamma akwai gidan tarihin ƙasa na Bamako da na Wagadugu.

Kafin ma a ƙetare iyaka, ana iya gwada hannu da aro daga Yamai ko Damagaram zuwa Maraɗi. Manyan gidaje suna tambayar wanda ya zo nema ko ya taɓa karɓar aro ya mayar lafiya, kuma takardun lafiyar kaya na irin wannan ƙaramin aro su ne amsar. Suna kuma son a rubuto musu shekara guda ko fiye kafin ranar buɗe nuni, wasiƙar ta fito daga shugaban gida zuwa shugaban gida, ɗauke da lambar kowane abu kamar yadda take a rajistarsu, dalilin nemansa, da lissafin zafi da laimar ɗakin da zai zauna.